Gida a Mararaba, aiki a Abuja: wace jiha ce ke da harajin albashina?

Ɗan Mararaba:

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Mararaba, ina aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Wuse. Duk wata ana cire min harajin PAYE, wato wanda ake yanka daga albashi tun kafin a biya ma'aikaci, kuma takardar albashi ta nuna hukumar harajin Abuja ake tura wa. Yanzu zan nemi takardar mallakar fili a Masaka, an ce sai na haɗa da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Ta Abuja zan nema ko ta Nasarawa? In ta Nasarawa ce, sai na sake biyan abin da aka riga aka cire min ke nan? Masana a taimaka.

Malam Akanta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A Najeriya harajin albashi yana bin wurin da mutum yake kwana ne, ba wurin da yake aiki ba, ba kuma jihar da aka yanke masa cibiya ba. Haka dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993 ta tsara, kuma sabbin dokokin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, ba su rushe wannan tushe ba. Mararaba da Masaka da Ado duk ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa. Saboda haka kuɗinka na Lafiya ne, babban birnin Nasarawa, ko da kullum da asuba kake tsallakawa Abuja.

Ranar da ake dubawa ita ce 1 ga Janairu. Duk jihar da gidanka yake a wannan rana, ita ke da harajinka na shekarar baki ɗaya. Wanda ya tashi daga Mararaba ya koma Kubwa a watan Mayu, harajinsa na Nasarawa ne har ƙarshen Disamba, sai sabuwar shekara ya koma hannun Abuja. Wanda kuma ya kama aikinsa na farko a tsakiyar shekara, ana duba inda yake zaune ranar da ya fara aikin.

Kuskuren yawanci daga fom ɗin ɗaukar aiki yake farawa. Mutum ya rubuta “Karu” ko “Nyanya” ya tsaya nan. To akwai Karu da Nyanya na cikin Abuja, akwai New Karu da New Nyanya na Nasarawa, kuma mai shigar da bayanai a kwamfuta ba zai tsaya tantancewa ba. Haka abin yake a ɗaya ɓangaren: Zuba Abuja ce, amma Madalla da Suleja jihar Neja ce. Wasu kamfanonin kuma ganda ce kawai. Tura kuɗin ma'aikata duka wuri ɗaya ya fi musu sauƙi a kan su yi rajista da jihohi uku, su riƙa raba jadawalin albashi jiha-jiha.

Gyaran na gaba ba shi da wuya. Ka rubuta wa ofishin albashi takarda, ba maganar baki ba, ka faɗi cikakken adireshinka da ƙaramar hukuma da jiha da ranar da ka tare. Ka haɗa da kwafin yarjejeniyar haya ko rasit ɗin mai gida, da takardar kuɗin wuta. Kada sunan AEDC, wato kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, a kan takardar ya ruɗi kowa, kamfanin yana ba Nasarawa da Neja da Kogi wuta ban da Abuja, adireshin da ke jiki shi ne hujja. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka ka adana. Daga nan nauyin kamfani ne ya yi rajista da hukumar harajin Nasarawa, ya riƙa tura abin da ya cire kafin ranar 10 ga watan da ke biye, ya kuma sa sunanka a rahoton shekara da yake miƙawa kafin 31 ga Janairu.

Hajiya Mai Lissafi:

Malam Akanta ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni kan tsoron biya sau biyu zan tsaya, don shi ne ke hana mutane da yawa gyara adireshinsu.

Jihohi ba su da ikon yanka nasu kason. Ma'auni ɗaya ne a duk ƙasar: Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100, miliyan 9 da ke biye kashi 18, miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. A ɗauki mai albashin Naira 300,000 a wata, wato miliyan 3.6 a shekara. In duk albashin ana lissafa masa fansho, a cire kashi 8, Naira 288,000. In yana biyan haya Naira 600,000, ana yi masa rangwamen kashi 20 na hayar, Naira 120,000 ke nan, kuma wannan rangwame ba ya wuce Naira 500,000 komai tsadar gidan. Saura Naira 3,192,000. A fitar da 800,000, a ɗauki kashi 15 na miliyan 2.2, ya ba da 330,000. Ragowar 192,000 a kashi 18 ya ba da 34,560. Jimla Naira 364,560 a shekara, 30,380 a wata. Ko Lafiya aka kai kuɗin ko Abuja ko Minna, ko kwabo ba ya ƙaruwa.

Rangwamen hayar nan fa ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar ka kawo shaida. Ka ga takardar da za ta rage maka haraji ita ce dai za ta nuna jihar da kake zaune. Wanda ya miƙa rasit ɗin gidan Mararaba alhali sunansa yana jadawalin Abuja, shi da kansa ya tona kuskuren, gara a gyara su tare.

Maganar shekarun baya kuwa, wanda doka ta ɗora wa cirewa da turawa shi ne mai ɗaukar aiki. Biyan jihar da ba ita ke da haƙƙi ba bai sauke masa nauyi ba. Jihar da aka tsallake tana iya bincikar littattafansa har shekara shida baya, ta nemi kuɗinta da tara da kuɗin ruwa, shi kuma ya je ya nemi a mayar masa da abin da ya kai wancan wurin. Wannan neman mayarwa yana cin lokaci sosai, shi ya sa kamfanoni ke jan ƙafa. Amma wannan tsakaninsu ne. Kai kada ka yarda a sake yankar albashinka a kan shekarar da aka riga aka cire maka. Ka tattara takardun albashi na wata 36, da bayanin asusun banki da ya nuna abin da ya shigo, da shaidar turawa daga kamfani mai ɗauke da sunanka a jadawali.

Ɗan Mararaba:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya, hankalina ya ɗan kwanta. To kafin kamfani ya gama gyara, in je in karɓi takardar shaidar ta Abuja tunda can kuɗin yake? Sannan akwai abokan aiki da iyalinsu ke Kano ko Zariya, su kuma suna haya a Abuja, sai Juma'a su tafi gida. Su ina nasu yake?

Baban Khalifa:

Ɗan'uwa, ta Abuja za ta iya fitowa tunda rajistarsu ta nuna an biya, amma da zarar ka rubuta Mararaba a fom ɗin fili, jami'in Nasarawa yana da hujjar tambayar me ya sa mazaunin jiharsa yake riƙe da takardar wani wuri. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka je ofishin harajin Nasarawa da ke kusa da kai da takardun da Hajiya ta lissafa, da wasiƙar kamfani mai amsa cewa an cire kuɗin an tura Abuja bisa kuskure. Su za su bi kamfanin. In aka yanka maka haraji kai tsaye a kan waɗannan shekaru, kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka rubuta ƙin amincewa. Kada ka bari kwanakin su wuce kana zaryar roƙo da baki, don in sun wuce abin da aka yanka ya zauna. In kuma hukumomin biyu ne suka ja daga a kan wa ke da kai, hukumar haɗin gwiwa ta haraji ce ke raba gardama, wadda a da ake kira JTB, yanzu JRB.

Masu gida biyu kuwa, doka ta ce a ɗauki wanda ya fi kusa da wurin aiki. Mai iyali a Zariya da ɗakin haya a Lugbe, harajinsa na Abuja ne, ko da gidan Zariya nasa ne na kansa kuma can yake Sallah. Otal ko masaukin baƙi ba ya zama mazauni, sai in mutum ba shi da wani wurin zama da ya fi shi dorewa a wannan rana. Ɗan fansho da ba shi da wata sana'a, inda ya saba zama ake bi.

Abin da ma'aikata suka fi mantawa shi ne rahoton kansu. Cire PAYE bai ɗauke maka cike fom ɗin shekara ba, kafin 31 ga Maris, kuma jihar da kake zaune za ka kai wa. A ciki za ka sa har kuɗin hayar shago ko ribar wata sana'a, ko da shagon yana Kano. Mai neman takardar shaida da bai taɓa cike wannan fom ba, nan ake fara tsayar da shi, don haka ka cike na shekaru ukun ka tafi da su tare da sauran takardun.