Wayar kwandon tumatir ta soke ni a yatsa, dole sai na yi allura?

Ɗan Gwari, kasuwar Mile 12, Legas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da asuba muna sauke tumatir daga mota, wayar da aka ɗaure bakin kwando da ita ta soke ni a babban yatsa. Ramin bai fi tsinin allura ba, jinin ma ɗigo biyu ne. Wani direba ya ɗiga min man birki, wai shi ke kashe dafi, na ɗaure da ƙyalle na ci gaba da aiki. Yau yana ɗan zugi. Abokin aikina ya dame ni in je a yi min allurar titanus, ni kuwa wayar nan sabuwa ce fil, babu tsatsa ko kaɗan. Rabona da allura tun ina yaro a ƙauye, ban ma san ko an gama min ba. Me kuka gani?

Baba Mai Albasa: Wa'alaikumus salam. Yaro, shekarata ashirin a kasuwar nan, ƙusa ta soke ni, waya ta soke ni, ga ni daram. Sa gishiri da ruwan ɗumi ka kama sana'arka.

Anti Nas, Agege: Baba, Allah ya ƙara lafiya, Allah ne ya tsare ka, amma kada mu ɗora yaron nan a kan sa'a. Ɗan uwa, ka fara cire maganar tsatsa daga ranka. Ba tsatsa ke kawo titanus, wato cutar sarƙewar haƙora, ba. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma tana iya shekaru a can ba ta mutu ba. Wannan kwandon daga gona ya fito, ya kwana a mota, aka dire shi a caɓin Mile 12. Ko jiya aka ƙera wayar, ta kwaso abin da ta kwaso.

Ƙanƙantar ramin da kake rainawa ita ce ta fi damuna. Ƙwayar nan ba ta son iska. Yanka mai faɗi yana zubar da jini, yana wankuwa, iska na shiga. Huda kuwa bakinta ya rufe, dattin na ciki, ta samu ɗaki ke nan.

Kwance ƙyallen nan yanzu. Wanke yatsan da sabulu, ka riƙa kwarara masa ruwa mai tsabta na wasu mintuna. Idan babu famfo, fasa leda biyu ta fiya wata. Duba ko guntun waya ya karye a ciki, in ka ga alama kada ka tona da reza, bar wa asibiti. Ka rufe da filasta ko bandeji mai tsabta, ka sake idan ya jiƙe. Man birki, fetur, toka, ƙasa, duk babu ruwansu da rauni. Man birki ma ƙona naman yake.

Allura kuma: raunin huda ko mai datti, idan rabonka da ita ya wuce shekara 5, ana sake yi. Ƙaramin rauni mai tsabta ne ake ɗaga wa ƙafa zuwa shekara 10. Kai da ba ka da tabbacin an yi maka sau 3 na yarinta, lissafin wanda bai yi ba za a yi maka. Ka gaya musu haka ƙarara, domin wataƙila su haɗa maka da wata allurar ta biyu mai ba da kariyar nan take, tunda rigakafin yana ɗaukar lokaci kafin ya kama jiki. Ka je yau, asibitin shan magani mafi kusa ya isa.

Ɗan Gwari: Anti, kwana ya riga ya wuce fa. Ba a makara ba?

Anti Nas: Ba a makara ba. An fi so a yi da wuri, amma cutar kan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, galibi wajen mako guda da 'yan kwanaki. Bar wa yaronka rumfar na awa biyu.

Mahaucin Oko-Oba: Ka ji maganar Anti. Na taɓa jinyar wani ɗan garinmu, ƙashi ne ya soke shi a mayanka, har raunin ya warke ya manta. Ranar nan ya kasa buɗe baki ya sha koko, muka ce haƙori ne. Kafin kwana biyu wuya ya sandare, baya ya banƙare, ko ƙofa aka buga sai jikinsa ya hau fizga. Wasu har sun fara cewa iska ce. Ya yi makonni a asibiti a ɗaki mai duhu, ya tashi da ƙyar, kuɗin da muka haɗa kuwa kada ka tambaya. Abin da ya ba ni mamaki, bayan ya warke sai da aka yi masa rigakafin, wai kamuwa da ita ba ta hana a sake kamuwa.

Maman Sadiƙ, Idi-Araba: Anti, ni da aka yi min a awon ciki fa? Kullum sai ƙayar tarwada ta soke ni.

Anti Nas: Maman Sadiƙ, ita ce dai. Sai dai jerin na mata guda 5 ne, da yawa daga biyun farko suke tsayawa da zarar sun haihu. Duba katinki. Su Sadiƙ kuma tana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14.

Malam Tela, Obalende: Ni idan allurar keke ta soke ni, kafso nake saya a kemis in sha kwana biyu.

Anti Nas: Malam, kafso ba ya maye gurbin rigakafi, shan kwana biyu a ajiye kuma ɓarna ce. Ɗan Gwari, wannan zugin ka sa masa ido, ba lallai titanus ba ne, karkare ma daga irin haka yake farawa. Idan ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya, ko ka kasa lanƙwasa shi, ko zazzaɓi ya zo, ka koma a duba. Idan kana da ciwon suga ka faɗa musu tun farko. Muƙamuƙi kuwa in ya fara riƙewa, ko haɗiya ta yi wuya, babban asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Baba Mai Albasa: To, ni ma ke nan rabona da ita ya haura ashirin.

Ɗan Gwari: Na dawo. Sun wanke, sun yi min ɗaya a wannan dantsen ɗaya a wancan, sun rubuta min kati in koma bayan mako 4. Nas ɗin ta yi ta faɗa a kan man birki. Baba, da safe suke yi, in ka shirya gobe sai in raka ka. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.