Ina ya fi dacewa a je a ga kunkurun teku yana saka ƙwai?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina burin ganin kunkurun teku lokacin da yake fitowa gaɓa don saka ƙwai, amma na kasa zaɓa tsakanin Tortuguero a Kosta Rika da Ras al Jinz a Oman. Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara.

Hajiya Bilkisu: Wa alaikumus salam ƙanina. Tortuguero babu titin da ya isa can, sai kwalekwale mai inji ta cikin koguna ko ƙaramin jirgin sama, kuma koren kunkuru ya fi fitowa daga Yuli zuwa Oktoba. A daren da na je mun daɗe muna jira cikin duhu kafin jagora ya kira mu, muka tarar uwar ta gama haƙa rami da ƙafafunta na baya, tana zuba ƙwai farare masu laushin ɓawo. Na ga ruwa yana gangarowa daga idonta, na ɗauka zafin naƙuda ne, ashe gishirin jikinta take fitarwa.

Malam Auwal: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai Ras al Jinz ya fi sauƙin zuwa, domin mota tana kaiwa daga garin Sur. Ka nemi gurbi tun da wuri, kuma kada zagayen asuba ya wuce ka, domin a lokacin ne aka fi dacewa da ƙananan 'ya'yan kunkurun suna rugawa cikin ruwa.

Malama Rahama: Duk inda ka zaɓa, Malam Nasiru, ka kiyaye haske. Uwar da aka haska kafin ta fara saka ƙwai takan juya ta koma teku, 'ya'yan kuma, waɗanda suke ƙyanƙyashewa bayan kusan wata 2, hasken da ke saman teku suke bi, saboda haka fitilar waya ɗaya tana iya karkatar da su zuwa tudu. Ka sa tufafi masu duhu, ka tsaya ta bayanta, ka bar wa jagora jan fitilarsa.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Ashe ke nan babu ɗaukar hoto, Hajiya?

Hajiya Bilkisu: A Tortuguero an hana kyamara a zagayen dare. Rigar ruwa za ka riƙe maimakonta, domin ruwan sama a can ba ya sallama.