Shawarwari kan neman asalin kakanni

Da muka zauna kan saɓanin tarihin kakanmu, shawarar farko ita ce a garzaya wurin tsofaffi, musamman gwaggonni. A ji kowa shi kaɗai, a naɗi muryarsa a waya. Ba shekara suke riƙewa ba, sai abin da ya faru: "yana goye aka yi yaƙin Burmi", wato 1903. A ganina wannan ya fi takardar rantsuwar kotu, wadda sau da yawa kintace ce.

Ɗanjuma da Adamu, sunaye biyu da ake saɓani a kansu, na iya zama mutum ɗaya, alkunya ce ta ɓoye sunan yanka. A duba rubutun ajami cikin littattafan malaman gida, sannan ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. In ruwaya biyu suka ƙi haɗuwa, a rubuta duka tare da sunan mai faɗa.