Baba ya haura saba'in, samari na so ya koma fagen waƙa tare da su

Ɗiyar Mai Goge, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san harkar waƙa.

Mahaifinmu mawaƙi ne, da goge yake waƙa. Muna yara, da wuya a yi biki ko suna a nan Kumasi ta ƙasar Gana, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, ba a kira shi ba, har Ejura da Techiman 'yan kasuwar doya kan aiko a ɗauke shi. Waƙoƙin nasa ne, shi ya tsara su, kuma ko ɗaya ba a rubuce take ba. Da manyan sifiku suka cika gidajen biki sai kira ya ja baya. Biyu cikin 'yan amshinsa sun rasu, mai ƙwaryarsa ya koma Bawku. Gogen ya daɗe rataye a ɗaki.

Kwanakin baya wasu samari masu situdiyo suka zo gaishe shi. Ɗayansu ya ji muryar Baba ne a wani tsohon kaset na kakarsa. Suna so su ɗauki waƙoƙinsa tare da nasu kiɗan, sannan bayan Sallah a yi wasa a gaban jama'a. Tun ranar Baba ya zama wani mutum. Ya sauke gogen, ya sake masa izga, ya aiki jikansa neman ƙaro. Bayan Asuba sai ka ji shi yana bitar baitoci a hankali.

Yayanmu ya ce sam. A ganinsa mutane za su ce mun kasa riƙe tsohonmu ne har ya koma roƙo. Ga hawan jini, ga ciwon gwiwa. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na raka shi situdiyon, suka sa masa abin ji a kunne, suka kunna kiɗan kwamfuta. Ya yi ta neman inda zai shiga, can ya cire ya ce, "Wannan kiɗan ba ya jirana." Har muka iso gida bai ƙara magana ba.

Mu bar shi ya ci gaba? In za mu bari, ta yaya?

Mai Jita, Nima:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Baba ya riga ya faɗa muku matsalar da bakinsa. Mai goge yana jan baiti ya kuma taƙaita shi gwargwadon abin da ya gani a fuskar wanda yake wa waƙa, masu ƙwarya ne ke binsa. Kwamfuta ba ta bin kowa. Ki ce wa samarin su juya aikin: a fara ɗaukar Baba da gogensa da mai ƙwarya ɗaya, a zaune, ba abin kunne, in da hali ma a tsakar gidanku. Daga baya su ɗora nasu a kan nasa. A ranar wasa kuma makaɗa na gaske za su kawo, masu kallon hannunsa.

Shekaru ba sa hanawa. An haifi Ebo Taylor, mawaƙin nan na Gana, a 1936. A 2010, yana da shekara 74, ya fitar da sabon faifai tare da wasu makaɗa na birnin Balin a Jamus, kuma daga nan ne Turai ta fara kiransa wasa sosai. Daga baya har ɗansa yana cikin ƙungiyar da ke masa kiɗa. A Kumasinku ma ga Koo Nimo, haifaffen 1934, wanda ya tsufa yana kaɗa jitarsa a zaune da zanensa a kafaɗa, yara matasa na zagaye da shi, babu wanda ya ce girmansa ya zube.

Hajiya Mai Atamfa, Alabar:

'Yata, in dai wanda nake zato ne, ya yi waƙa a bikin ƙanwata, kuma har yau ina tuna yadda ya kira sunayen kakanninmu tun daga Kano har Salaga bai tsallake ko ɗaya ba. Kada ku raina maganar yayanku, kishin mahaifinsa yake yi. Amma roƙo daban, gayyata daban. Wanda aka zo har gida aka durƙusa masa ba roƙo ya fita ba. Ku sa sharaɗi: a yi tsakanin La'asar da Magariba, a wurin da ba a sayar da giya, a ba shi kujera mai makari, ya sa babbar rigarsa. Kada ya wuce waƙa uku ko huɗu. A auna jininsa kafin ranar, ya sha maganinsa a kan lokaci. Ku kuma je Bawku ku nemo mai ƙwaryar nan in yana raye, tsoho ya fi sakewa in ya waiga ya ga nasa.

Ɗan Tafo:

Anti, kafin ya sake buɗe baki a gaban makirfo, a yi takarda. A dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, waƙa ta mai ita ce iya rayuwarsa, sannan magadansa su ci gajiyarta shekara 70 bayansa. Amma abin da aka lasafta a matsayin kayan gargajiya marar takamaiman mai shi, hukuma ke riƙe da shi a madadin jama'a. Don haka kada a bari a rubuta "waƙar gargajiya" a kan abin da Baba ya tsara da kansa. A sa cikakken sunansa a matsayin mai waƙar, a fayyace kasonsa, ku kuma yi masa rajista da GHAMRO, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta Gana, su ke karɓar kuɗi in an sa waƙa a rediyo ko wurin taro. In suka kawo kuɗi dunƙule suka ce sun saya gaba ɗaya, kada ku karɓa.

Ɗiyar Mai Goge, Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Yaya maganar Hajiya, ya yi shiru, sannan ya ce in dai da rana ne, shi da kansa zai kai Baba a motarsa. Samarin sun yarda za su kawo na'urarsu gida ranar Asabar, sun ce takarda ma ba matsala. Mai ƙwaryar yana raye, mun samu ɗansa a waya, amma hannunsa na rawa yanzu, ba zai iya kiɗa ba. Baba ya ce duk da haka a aika masa kuɗin mota ya zo ya zauna kusa da shi. Saura mai kiɗan. In akwai wanda ya san saurayi mai buga ƙwarya a Kumasi, mai haƙurin zama da tsoho ya koyi amshi, don Allah ya sanar da ni kafin Juma'a.