Neman shawara: zan ɗauko 'yan maguna biyu ranar Asabar, ban taɓa kiwo ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema kan kiwon mage a cikin gida, wadda ba za ta riƙa fita waje ba. Bari in faro daga farko don ku gane. Shekararmu uku da aure, muna zaune a Kaduna, a gidan haya, hawa na biyu. Maigidana a Fatakwal yake aiki, sai bayan sati shida ko bakwai yake zuwa, ya yi kwana biyar ya koma. Da ƙanwata tana wajena, to ta samu makaranta a Zariya, ta tafi tun watan jiya. Ina dawowa daga aiki ƙarfe huɗu, in buɗe ƙofa in tarar da gida tsit kamar an share makoki, har na koma barin rediyo a kunne a kicin don dai in ji muryar mutum. Hajiyarmu ta ce in koma gida in zauna har ya dawo, shi kuma ya ce bai yarda ba, aka yi ta ja har aka kusa ɓatawa, amma wannan wani zancen ne daban. To akwai abokiyar aikina da magenta ta haifi huɗu, na je na gan su raina ya biya, na ce ta ajiye min biyu, ɗaya fara mai ɗigon ja, ɗayan baƙi wuluk. Satinsu 5 yanzu, ranar Asabar zan je in ɗauko su. Na sayi kwando da 'yan kwanuka biyu da gwangwanin madarar gari. Ni ko kaza ban taɓa kiwo ba. Me zan tanada? A ina za su riƙa kashi? Kuma da gaske ne gashinsu yana yi wa mace illa? Wallahi jiya ban yi barcin kirki ba.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Tambaya ɗaya kafin komai: maigidan ya sani? Mai gidan hayar fa?

Anti Mai Maguna: Ƙanwata ki saurare ni da kyau, shekarata 14 ina kiwon maguna, yanzu haka biyar ne a gidana. Na farko, ba a raba ɗan mage da uwarsa a sati 5. Ki bari su kai sati 8 aƙalla, in da hali ma 12. A wajen uwar suke koyon binne kashinsu, a wajen 'yan uwansu suke koyon wasa ba da cizo mai zafi ba. Kika ɗauko su yanzu, kukan dare kaɗai sai ya sa kin mayar da su. Na biyu, madarar nan da kika saya ki sha shayinki da ita. Madarar shanu zawo take sa su, ɗan mage kuwa kwana biyu ya yi yana zawo ya tafi. Na uku, kwandon ma asarar kuɗi kika yi, a kwalin indomi za su kwana ko a kan abin sallarki, ki rubuta ki ajiye. Abin da za ki nema shi ne robar wanki mai faɗi marar zurfi, ki zuba yashi mai laushi, ki sa a lungun da ba a yawan wucewa, nesa da abincinsu. Tunda biyu ne ki yi roba uku. Kullum ki kwashe abin da suka yi, duk sati ki zubar da yashin ki wanke robar.

Mai tambaya: Na gode Anti. Amma maganar jira ba za ta yiwu ba. Mijin abokiyar aikin nawa ya ce in Asabar ta wuce suna gidan, a buhu zai zuba su ya kai bakin kasuwa. Ni taimako nake son yi. Roba uku kuma a ina zan sa su, ɗaki biyu ne da falo, ga baƙi suna zuwa.

Uwargida Sarautar Mata: Hmm. Ku dai masu maguna Allah ya shirye ku. Maƙwabciyata tana da wani ƙaton muzuru, 'yan tsakina tara ya cinye min ɗaya bayan ɗaya a damina. Na je na yi mata magana cikin mutunci, sai ta ce wai nata ba ya cin ɗanye. Ba ya cin ɗanye! Har yau ba ma gaisawa, kuma mijinta ko haƙuri bai aiko an ba ni ba, alhali ranar sunan 'yarta ni na tuƙa tuwon.

Anti Mai Maguna: Uwargida ai wannan ta ce a ɗaki za ta ajiye, ina ruwan kajinki.

Malama Ummu: Kiwon kyanwa halal ne, kuma ba najasa ba ce. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin da Annabi (SAW) ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninku. Sahabi Abu Huraira ma saboda 'yar kyanwa ya samu wannan alkunya. Sai dai ki tuna da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wadda kika hana fita, cinta da shanta da lafiyarta duk sun dawo wuyanki. Ranar da za ki tafi biki Kano ki kwana uku, wa zai duba su?

Mai tambaya: Malama ni ba mai yawan tafiya ba ce. Kuma ai ba kulle su zan yi don mugunta ba, titi ne a ƙofar gidanmu, ga karnuka.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Ina aji biyar a karatun likitan dabbobi, bari in ɗan sa baki. In dai dole ne ki ɗauke su a sati 5, to akwai madarar da aka yi musamman don 'yan maguna, ana samu a shagunan magungunan dabbobi, ki haɗa da abinci mai laushi sau huɗu ko biyar a rana. Su biyu a gida tun safe har ƙarfe huɗu, a wannan shekarun, gaskiya da wuya. Ki roƙi matar ta ƙara ko sati biyu ne. Sannan allura: ta farko a sati 8 zuwa 9, a maimaita bayan sati uku ko huɗu, ta cutar haukan kare kuma daga sati 12. Maganin tsutsar ciki tun yanzu ya kamata a fara, amma likita ne zai auna nauyinsu ya faɗi adadi. Tunda kina Kaduna, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga ƙanwarki ma a can. Abin da na fi so ki riƙe: kada ki taɓa ba mage farasitamol, ko ɓari ne, kashe ta yake yi. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, don haka ragowar miya ba tasu ba ce. Maganin ƙuma na karnuka ma wani yana kashe mage.

Anti Mai Maguna: 'Yar makaranta, maganar farasitamol gaskiyarki, amma allura ga magen da ba ta taka ƙasa? Nawa biyar ba wadda aka taɓa tsira wa allura, ga su nan ɓul-ɓul. Kada ku tsorata yarinya da kashe kuɗi. Ki samu busasshen kifi ki marmasa a shinkafa, shi kenan. Haka na raini Gimbiya, shekararta 11 yanzu.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Anti da girmanki, ƙwayar cutar da ke kashe 'yan maguna da amai da zawo tana iya shigowa gida a takalmi, kuma tana daɗewa a ƙasa ba ta mutu ba. Shinkafa kuma cika ciki ce kawai. Mage maciyar nama ce, akwai sinadarin da ake kira taurin da jikinta ba ya haɗa isasshe sai ta samu a nama, rashinsa yana taɓa ido da zuciya. Dafaffen nama, kaza, kifin da aka cire wa ƙaya, ko abincinsu na leda da aka rubuta na yara ne.

Anti Mai Maguna: To mu da ba mu je jami'a ba sai mu yi shiru. Abincin leda a wannan tsadar, mutane ma da ƙyar suke ci sau biyu.

Baiwar Allah: Ni dai baƙin nan ne ya tsaya min. Baƙar mage a gidan matar aure, ke kaɗai, da dare? Kakata ko a hanya ta gani sai ta yi a'uziyya. Ki ɗauki farar ki bar musu ɗayan.

Malama Ummu: Wannan camfi ne, a bar shi. Launi ne kawai.

Mai tambaya: Baƙin ma shi na fi so, shi ne ya fara hawa cinyata. Kuma na ji an ce in su biyu ne ba sa damun mutum, suna wasa da juna.

Hajjo ta Maraɗi: Mu nan mussa muke ce mata. Tawa ta mutu bara, kuma laifina ne, shi ya sa nake faɗa miki. Na zuba maganin ɓera a bayan buhun gero, ba ta ci maganin ba, ɓeran da ya ci ta kama. Kafin ki kawo su ki kwashe duk wani maganin ɓera, ki daina fesa fiya-fiya a ɗaki. In kina turaren wuta ki fitar da su falo ki buɗe taga, hayaƙi yana kama musu ƙirji. Har yau in na ji motsi a kicin sai in ɗauka ita ce.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki Hajjo. Mai tambaya, tagoginki akwai raga? Hawa na biyu kika ce fa. Kuma har yanzu ba ki ba ni amsa ba.

Nas Maijego: A kan tambayarki ta gashi, ba wanda ya amsa. Gashin mage ba ya hana haihuwa. Abin da ake gudu yana cikin kashinta ne, wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoplasma, wadda in mace ta kamu da ita a karon farko tana da juna biyu tana iya taɓa jaririn. Ƙwayar ba ta zama mai kama mutum sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, shi ya sa ake cewa a kwashe kullum. Ana kuma samunta a naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, ba a mage kaɗai ba. In kina da ciki ko kina sa rai, wani ya riƙa kwashe yashin, in babu kowa ki sa safar hannu ki wanke hannu da sabulu. Mai asma kuma gashin yana iya tayar masa. Kina da ciki ne?

Mai tambaya: Nas wannan ba shi na tambaya ba, amma na gode.

Amaryar Bana: Ni abin da ya ba ni haushi a labarin nan shi ne mazan da ke ajiye mace su tafi wata uwa duniya. Nawa Legas yake, wata uku rabona da shi, in na yi magana uwarsa ta ce ai nema ya tafi. Ki kawo magunanki 'yar uwa, ko goma ne. Wanda bai zauna ba ba shi da bakin magana.

Anti Mai Maguna: Ku tsaya, akwai babbar magana. Kin ce ɗaya fara, ɗayan baƙi, wato mace da namiji ke nan. Mage ba ta san ɗan'uwa ba. Tun tana wata biyar ko shida za ta iya ɗaukar ciki, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, ta zubo miki huɗu ko biyar, kafin ki farga ta sake. Shi kuma namijin in ya balaga zai riƙa tsartuwar fitsari a labule da kujera, warin nan ko turaren Maiduguri ba ya kashe shi. Ga kukan neman fita da tsakar dare, maƙwabta za su ɗauka jariri kika ɓoye. Ko ki ɗauki mata biyu, ko a yi wa namijin fiɗiya kafin wata shida.

Baiwar Allah: Fiɗiya kuma? Ba canza halittar Allah ba ne wannan? Malama ki yi magana.

Malama Ummu: Malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka karhanta, akwai waɗanda suka halatta in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Ta tambayi malamin da ta natsu da shi.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Da allurar barci ake yi, na namiji ma aikin 'yan mintuna ne. Macen ita ma ana cire mata mahaifa. Kuma ki sa ran shekara 12 zuwa 15 tare da su, wasu har fiye.

Mai tambaya: Ni fa ban ma san ko mace da namiji ba ne, launinsu kawai na duba. Kuna ta kawo abubuwa kamar zan buɗe asibiti. Abokiyar aikina ba ta yi ko ɗaya cikin waɗannan ba, magenta kuma lafiyarta ƙalau. Kujeruna sababbi ne, ba wanda ya gaya min yadda zan hana su yagewa.

Anti Mai Maguna: Ki naɗe guntun katako da igiya ki kafa kusa da kujerar. Za su yagi katakon, za su kuma yagi kujerar. Magen da ba ta cizo ba ta yakushi sai kyanwar Lami.

Maman 'Yan Biyu: Karo na uku ke nan. Maigidan ya sani?

Mai tambaya: Zan gaya masa in ya zo, saura sati uku. Ba ya son a yi masa irin wannan maganar a waya. Madarar garin fa, in na tsinka ta da ruwa sosai ba za ta yi ba zuwa Litinin?

Uwargida Sarautar Mata: Wai a cikinku ba wanda ya san abin da ake sa wa a katanga muzuru ya daina haurowa?