Da me kuke koyar da ƙaga labari da wasan kwaikwayo a ajin da babu littattafai?

Malamar SS2:
Assalamu alaikum malamai 'yan uwana. Shekarata uku ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, bana kuma aka ƙara mini da ƙungiyar adabi da wasan kwaikwayo. Ajina yara 74 ne, darasi minti 40. Ba mu da wuta, ɗakin karatu kuwa a kulle yake tun da rufinsa ya fara yoyo. Littafin wasan kwaikwayon da ke cikin manhaja kwafi shida gare mu, ɗaya ma ba bango.

Makon jiya na ce kowacce ta rubuto gajeren labari, shafi ɗaya. Da na zauna dubawa da dare, kusan rabinsu labari guda ne: 'yar talaka, ɗan mai kuɗi da mota, kishiya ta tafi gidan boka. Na san daga fim da littattafan da ake turawa a WhatsApp suka kwaso. Abin ya yi mini ciwo, domin yaran nan in kun ji hirarsu lokacin tara, bakinsu zuma ne. Da sun riƙe biro sai bakin ya mutu. Don Allah ku da kuka daɗe a aikin, da me kuke amfani? Ba na neman abin da sai an saya.

Tsohon Malami, Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu. Na yi shekara talatin da alli a hannu, kuma abin da na fi mora shi ne kakannin yaran. Ki ba su aikin gida: kowacce ta je wurin tsohuwar gidansu ko ta maƙwabta ta ɗauko tatsuniya ɗaya, ta rubuta ta yadda aka faɗa mata, tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Mako na gaba sai ki ce a sake ba da labarin daga bakin Ƙoƙi, ita da kullum Gizo ke ja mata wahala ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba. A nan za su gane cewa labari yana canzawa da mai ba da shi, ba tare da kin cika allo da bayani ba.

Wasan kwaikwayo kuma ba baƙonsu ba ne. Wace yarinya ce ba ta san tashe ba, wanda ake farawa in azumi ya kwana goma? Ga Mairama ga Daudu ai wasa ne cikakke: akwai 'yan wasa, akwai shiga, akwai waƙa, akwai saƙo kan zaman aure. Ki sa su yi shi a gaban aji, sannan su rubuta shi da sunan mai magana a gefen hagu, abin da yake aikatawa kuma a cikin baka biyu. Kin ga sun koyi tsarin fitowa da kashi, wato sassan da ake raba rubutaccen wasa, da hannunsu, kafin su buɗe kwafi shidan nan.

Abu ɗaya ba na sassauci a kai: ƙa'idojin rubutu. Waya ta ɓata musu hannu. Ki rubuta baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari a kwali ki manna a bango.

Malam Mai Rediyo:
Baba ya gama magana, sai dai zan ƙara ɓangaren jarida. Malama, wayar hannunki ta isa gidan rediyo. Ina raba yarana rukuni takwas, kowane rukuni ya haɗa labaran makaranta na minti uku: famfon da ya lalace, sakamakon gasar kacici-kacici, hira da mai gadi. Dole kowane labari ya amsa wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya. Na fi jin daɗin wasan rediyo ma, don ba ya son sutura ko dandali. Ƙoƙuna biyu a kan tebur sun zama kofaton doki, leda in an murza ta a hankali ta zama wuta, tsakuwa a faranti ta zama ruwan sama a kan kwano.

Tsofaffin jaridu irin su Aminiya nake karɓowa wurin mai jarida. Sai in yanke kanun labarin in ɓoye, su karanta su raɗa nasu, mu gwada da na asali. Nakan gaya musu cewa tun a 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, don su san aikin jarida da Hausa ba jiya aka fara shi ba.

Uwar Ɗalibai:
Ƙanwata, shawarar rediyo ta yi, amma ni ban yarda a ɗauki muryar 'ya'yan mutane kai tsaye ba. Na taɓa ɗaukar bidiyon wasan ɗalibaina, ya fita daga hannuna ya zaga unguwa, wani uba ya zo har ofis ya cire 'yarsa daga ƙungiyar. Yarinyar ita ce ta fi kowa iya wasa, har yau abin yana raina. Ki fara sanar da shugabar makaranta, a faɗa wa iyaye a taron iyaye da malamai, kuma abin da aka ɗauka ya tsaya a wayarki, a saurara a aji a goge. Murya kawai, ban da hoto.

Batun labarin kishiya kuma, kada ki hana su, wasu a gida suke ganinsa. Ki sa sharaɗi dai: ba mota, ba boka, kuma komai ya faru a tsakar gida ɗaya cikin yini ɗaya. Ki kuma ba su labarin gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta. Yarana da suka ji ana karanta labaran mata a rediyo, rubutunsu ya canza.

Malamar SS2:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ba da aikin tatsuniyar ranar Litinin, 61 sun kawo. Wata ta ce kakarta sai da ta yi hawaye, wai rabon da a nemi tatsuniya a bakinta tun jikokin suna ƙanana. Yaya, na yi magana da shugabarmu, ta ce a jira taron iyaye na ƙarshen wata kafin a ɗauki ko da murya ce. Malam, tambaya ɗaya ta rage mini: rukuni takwas a minti 40, duka kake sauraro rana ɗaya, ko bibbiyu kake ɗauka kowane mako?