Musayar Waƙa a Kan Ragnar Ulstein na Norway

Malam Garba

Da sunan Allah nake fara zance,
Mai sanin abin da ke ɓacewa.

Ragnar Ulstein nake so mu duba,
Ɗan turjiya, marubucin tarihi, ya isa tattaunawa.

A 1920 aka haife shi,
Cikin masunta ya yi tasowa.

Ran 9 ga Afrilu, 1940,
Sojan Jamus cikin Norway suka yo shigowa.

Sarki Haakon ya ƙi miƙa wuya,
A watan Yuni ya yi ficewa.

Landan ta zam mazaunin gwamnatinsa,
Quisling, ɗan koren Jamus, a gida yana durƙusawa.

A 1941 saurayin ya bi teku,
Zuwa Birtaniya ya yi tsallakawa.

Ya shiga Kompani Linge, rundunar Martin Linge,
Masu shirin ɓoye na komawa.

Hajiya Rabi, ke kin san ruwan nan,
Faɗa mana yadda ake hayewa.

Hajiya Rabi

Malam Garba, na amsa kiranka,
Ga yadda masunta ke buɗa hanya.

Jirgin katako ne na kamun kifi,
Ƙafa 50 zuwa 70 gaba ɗaya.

Injinsa silinda guda ce tak,
Bugunsa kuwa ba ya da ɓuya.

Daga gaɓa zuwa tsibiran Shetland na Birtaniya,
Kusan mil 200, ba wata kariya.

Yini da dare ne in iska ta kwanta,
In ta tashi, kwanaki ana shan wuya.

A watan Yuni dare ba ya duhu can,
Jirgin sama na hango ka ta baya.

Sai masu jigila suka zaɓi hunturu,
Suka sayi duhu da haɗarin igiya.

Bindiga na cikin gangar mai a ɓoye,
A ɗage murfi ta fito, ba tambaya.

Mutum 44 ruwa da wuta suka ci,
Cikin 'yan jigilar, kafin a sauya.

A 1943 Amurka ta ba da uku,
Jiragen yaƙi masu saurin tafiya.

Hitra da Hessa da Vigra ke nan,
Daga nan ba a ƙara rasa ko ɗaya.

Ɗanlami

Sannu Hajiya, Allah ƙara basira,
Zan ɗora daga inda jirgi ya isa.

A tsaunukan Sikotland aka horar da su,
Wajen Aviemore, ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Harbi da nakiya da karatun taswira,
A Ingila kuma saukar laima daga jirgin bisa.

Disambar 1941 aka kai su tsibiran Lofoten na Norway,
Suka sauka Reine, shi ma da bindigarsa.

Kwana biyu kacal jiragen suka juya,
Mutan gari aka bari da tsoron fansa.

A Måløy kuma, ran 27 ga wata,
Harsashi ya ɗauke Linge da kansa.

Malam Isuhu

Ɗanlami ƙanena, ka tsaya da wuri,
1943 ce ya fi shan aiki.

Vestige aka raɗa wa shirin suna,
'Yan ƙalilan ne za su kai wa jiragen Jamus farmaki.

Kwalekwalen tamfol mai naɗewa ne,
A haɗa sandunansa a zauna ciki.

Nakiyar na da jeren mayen ƙarfe,
Ta cafki jirgi ta manne a jiki.

Da sanda ake zura ta, kamu huɗu,
Can rami zai buɗe wa teku baki.

A saitin ɗakin inji ake so ta zauna,
In ya sha ruwa jirgi ya ci birki.

Agogonta 'yar kwalba ce ta asiton,
A murza noti ta fashe daga ciki.

Ruwan ya ci faifan roba a hankali,
Sai ya narke sannan allurar zai saki.

Ga inda lissafi kan ɓaci, ku saurara:
Sanyi na ja wa narkewar birki.

Awar da aka ƙiyasta sai ta shige,
Jirgi ya tashi da ita, ba mamaki.

Tsatsa da gansakuka na hana ta kamu,
Sai an kankare shiru a sami na kirki.

Ruwan kaka na ƙyalli in filafili ya taɓa,
Ko tari babu, balle a ja tsaki.

Tasu ta tashi a Svelgen ta yi ɓarna,
Jirgin bai nutse ba, saura rabin aiki.

Tasha mai tudu kusa haka take,
A jingina shi da gaɓa a ɗinke miki.

Hajiya Rabi

Malam Isuhu, ka warware nakiya,
Bari in kai shi Sogn, ƙarshen mamaya.

Ƙungiyar Siskin ce ya shugabanta,
Samarin Milorg, sojan ɓoye na gida, yake koya wa ɗaya-ɗaya.

Makaman Milorg daga sama kan zo,
Dare mai farin wata ake sako kaya.

BBC ta karanto jimla bayan labarai,
Masu ita kaɗai suka san me ta ƙunsa a baya.

A jera fitilu a fili bisa tsauni,
Matuƙi ya gani ya saki ya juya.

In iska ta yi ƙarfi gangunan su watsu,
A kwana ana nema cikin duhu da wuya.

Kafin asuba a binne laimomi,
A share sawu, a kai komai maɓoya.

Ran 8 ga Mayun 1945 suka fito fili,
Su 40,000, da ɗamara da zuciya.

Sojan Jamus sun haura 300,000,
Suka aje makami, aka rabu lafiya.

Ɗanlami

Malam Garba, ina da ja a nan,
Allah ya huci zuciyarka, ina son amsa.

Wanda ya riƙe bindiga a fagen fama,
In ya ɗau alƙalami, ba zai yabi kansa?

Abokan da suka ci tuwo kwano guda,
Yaya zai iya faɗin inda suka kasa?

Malam Garba

Tambayarka ta yi kyau, Ɗanlami,
Ba wadda za a kau da kai ce ba kuwa.

Littafin Kompani Linge na 1948,
Shi da Jensen da Ratvik suka yi haɗawa.

Na yarda wannan muryar 'yan uwa ce,
Ciwon na ɗanye, ba a gama warkewa.

Amma ya yi aikin jarida shekaru,
Ya koyi tambaya da tantancewa.

Englandsfarten, na masu gudu zuwa Ingila, ya zo juzu'i biyu,
1965 da 1967 suka yi fitowa.

Can ba labarin kansa ya sa gaba ba,
Jirage wajen 300 ya yi ta bibiyawa.

Mutum sun kai 3,300 a cikinsu,
Wa ya isa, wa teku ta yi haɗiyewa.

Kuma bai rufe abin kunya na gida ba,
Ga na Ålesund mai sa zuciya karyewa.

'Yan Henry Rinnan mai yi wa Jamus aiki, 'yan ƙasa ne su ma,
Suka zo da siffar masu gujewa.

Aka yarda da su aka nuna jirgi,
Gestapo, 'yan sandan sirrin Jamus, ta zo ana shirin tasowa.

Ran 30 ga Afrilu, 1942,
Mutum 18 a Trandum aka yi harbewa.

Ya bi tsofaffi gida-gida da tambaya,
Don tuni kan gauraya in ana daɗewa.

Abin da baki ya ce a gwada da takarda,
Kwanan wata da sunan jirgi su yi dacewa.

Gwaggo Asabe

'Ya'yana kun tsaya bakin teku,
Kun bar juzu'an nan guda uku,
Na hanyar Suwidin, ga su gare ku,
1974 zuwa 1977 ya zana.

Iyakar doguwa ce, daji da dutse,
Ta haura kilomita 1,600 ba ta katse,
Wajen 50,000 suka kurɗa a matse,
Manomi ne jagora, shi ke nuna.

Ƙa'idar tafiyar zango-zango,
Na gabanka kaɗai kake hango,
Sauran sarƙar na bayan bango,
Ko an daka ka, kaɗan za ka tona.

Jariri a ba shi maganin barci,
Kada kuka ya jawo 'yan zalunci,
A riƙe guzuri kaɗan na abinci,
A yi tafiyar dare, a ɓuya da rana.

Jirgin Donau ya bar Oslo da mutane,
26 ga Nuwambar 1942 ne,
Yahudawa fiye da 500, kamun 'yan sandan ƙasar ne,
Auschwitz aka nufa da su, gidan ƙuna.

Fiye da 1,000 suka tsere ta daji,
Da taimakon masu ba da agaji,
A 1995 ya rubuta don a ji,
Wa ya ɓoye, wa ya tuƙa, suna bayan suna.

Malam Isuhu

Gwaggo kin cike giɓi, zan sauya amo,
Saura nasa na masu leƙen asiri.

Juzu'i uku, 1989 zuwa 1992,
Nan ya fi zurfafa nazari.

Ƙungiyar XU sai 1988 aka bayyana ta,
Shekara guda kafin juzu'in fari.

Mai rediyo na kwance a bukka kan dutse,
Yana ƙirga jiragen da ke wuce tsibiri.

Suna da girma da alƙibla da sa'a,
Ya mai da su lambobi bisa tsari.

Eriya waya ce a rataye a reshe,
Babbar damuwarsa cajin batiri.

Da hannu ko feda ake juya janareta,
Sanyi kuma na zuƙe shi da sauri.

Saƙo ya zam gajere, 'yan mintoci,
Don masu bin sauti suna sintiri.

Tasha biyu ko uku in suka ja layi,
Inda ya gicciye nan za su kai hari.

Dole a sauya zango da sa'ar aikawa,
In an matsa a kwashe a bar wuri.

Irin wannan ido ne ya bi Tirpitz, jirgin yaƙin Jamus,
Duk inda ta laɓe da dukan shiri.

Har ran 12 ga Nuwambar 1944,
Aka kifar da ita a Tromsø, bakin gari.

Ɗanlami

Na gode iyayena, kun ba ni hujja,
Na Ålesund ya fi shiga ni cikin aikinsa.

Ran 3 ga Disambar 2019 ya rasu,
99 ne adadin shekarunsa.

Gidan tarihin turjiya na Akershus,
A Oslo, shi ke riƙe da hirarrakinsa.

Mai son karatu ya fara da Englandsfarten,
Da Nynorsk ya rubuta shi, harshen yankinsa.

Na 1948 kuwa ina kan bakana,
A ajiye na baya kusa, ana duba zancensa.